Alhassan Ɗantata: almajirin Bebeji da ya riƙe gidaje masu yawa

Tsofaffin 'yan kasuwar Damagaram sun san hanyar da gyaɗarsu take bi a zamanin Turawa. Daga Magarya da Matamai, raƙuma da jakuna sukan nufi kudu zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake jira. A can, babu sunan da ya kai na Alhassan Ɗantata a wannan ciniki. An fi tuna shi da dukiya da dalar gyaɗa, amma ya san yunwa tun kafin ya san kuɗi, kuma hakan ya bayyana a yadda ya riƙa bayarwa.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara a hanyar Gwanja. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa, ta tafi Ankara, a Ghana ta yau, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga nan laƙabin ya samo asali. Ke nan gidan da ya fi kowane arziki a Kano yana ɗauke da sunan baiwar da ta yi renon maraya.

Ya yi almajiranci a Bebeji, yana yi wa malaminsa aiki yana neman abin kai wa baka. Ba a jima ba Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. A cikin rikicin aka kama shi aka mai da shi bawa, sai daga baya ya samu 'yancinsa.

Goro ne ya ɗaga shi. Maimakon ya bi ayari wata da watanni, ya soma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya gina gida a unguwar Koƙi, ya shiga sayen gyaɗa yana kai wa kamfanonin Turawa. A 1929, lokacin da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfar da ya kai ajiya sun kai kayan raƙuma 20. A shekarun 1940 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Taimakonsa kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda ido yake gani: zakka duk shekara, sadaka ga mabuƙata ranar Juma'a, yankan shanu da Babbar Sallah domin talakawa su ci nama, da biya wa mutane kuɗin aikin Hajji. Shi kansa ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ya kuma bi ta Ingila a wannan tafiya.

Na biyun ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya fi nauyi. Yakan ba mutum jari bisa amana, ya tura shi ƙauye sayen gyaɗa ko ya ba shi haja ya sayar, a yi lissafi bayan kaka. Wanda ya riƙe amana sai a ƙara masa. Sadakar Juma'a tana kashe yunwar yini guda, amma wanda aka ba jari yakan yi aure, ya gina ɗaki, shi ma ya ɗauki yaran gida. Ba don Allah kaɗai ake wannan ba, ko shakka babu. Ɗantata yana cin riba, kuma da waɗannan wakilai ne ya sha gaban abokan gasarsa. Sai dai ribar tasa ba ta hana ɗaruruwan magidanta samun abin dogaro ba.

Tsarin yana da iyaka. Taimako ne na ubangida da bara, ya rataya a wuyan mutum ɗaya da sanayya. Wanda ba shi da mai gabatar da shi, kamar kuturu ko baƙon da ke kwana a rumfar kasuwa, rabonsa bai wuce sadaka ba. Haka manomin da ke noma gyaɗar, ko a Kano ko a Damagaram, ba shi ne yake yanka farashi ba.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955. Kafin nan ya tara 'ya'yansa ya hore su da su zauna tare, kada su bari kamfanin ya watse. 'Ya'yansa Sanusi da Aminu sun ci gaba da kasuwancin da kuma kyautar. Jikarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, mahaifiyar Aliko Ɗangote, ta daɗe tana dafa abinci kullum ana raba wa mabuƙata a cikin birnin Kano.