Charles Diggs: Ɗan Majalisar Amurka da Wasiƙunsa Kan Afirka

A darasin adabi mun saba jin cewa wasiƙa ma hanya ce ta adana tarihi. Don haka na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani mutum wanda ya bar wa masu bincike tarin wasiƙu, wato Charles Diggs, ɗan majalisar wakilai ta ƙasar Amurka.

An haifi Diggs a birnin Detroit na jihar Michigan a shekarar 1922. Mahaifinsa ɗan siyasa ne, kuma yana da kamfanin shirya jana'iza, inda shi ma ɗan ya yi aiki. Ya shiga majalisa a 1955, ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci jiharsa a can. A wannan shekarar ce ya je Mississippi ya zauna a kotu lokacin shari'ar waɗanda suka kashe yaron nan Emmett Till, a zamanin da irin wannan tafiya kan iya jawo wa baƙar fata asarar rai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne alaƙarsa da Afirka. A 1957 yana cikin tawagar Amurka da ta halarci bikin samun 'yancin kan ƙasar Gana. Tun daga nan bai sake kawar da kai daga nahiyar ba. A 1969 ya zama shugaban ƙaramin kwamitin majalisa mai kula da harkokin Afirka, ya kuma zo Nijeriya a shekarar don ganin halin da ake ciki lokacin yaƙin basasa. To, a nan ne wasiƙa ta zama makaminsa. Ɗan majalisa ba shi da ikon naɗa jakada ko ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, wannan aikin shugaban ƙasa ne. Amma yana iya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje ya nemi bayani, kuma da wuya a ƙi ba shi amsa. Jakadu da shugabannin Afirka da jagororin ƙungiyoyin neman 'yanci sun gane haka, sai suka riƙa kai kukansu wurinsa. A ganina darajar takardun ke nan: suna nuna yadda ake matsa wa gwamnati lamba a hankali, ba a kan dandamalin siyasa ba.

Ba rubutu kaɗai ya tsaya yi ba. A ƙarshen 1971 ya ajiye matsayinsa a tawagar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda gwamnatin Nixon ta ƙulla yarjejeniya da Fotugal kan sansanin soja na tsibiran Azores, alhali Fotugal tana yaƙar masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau. Ya kuma kai gwamnati ƙara don ta bar ana sayo ma'adinin kurom daga Rodeshiya duk da takunkumin da aka saka mata, sai dai bai yi nasara ba. A 1971 ɗin ne kuma ya zama shugaba na farko na ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisar Amurka.

Ƙarshen siyasarsa kuwa bai yi daɗi ba. A 1978 kotu ta same shi da laifin ƙara wa ma'aikatan ofishinsa albashi yana karɓe wani kaso. Abin mamaki, mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa bayan hukuncin. Majalisa ta tsawata masa a 1979, ya yi murabus a 1980, ya yi wata 7 a gidan yari. Daga baya ya koma sana'ar mahaifinsa a jihar Maryland, ya rasu a 1998. Takardunsa suna ajiye a cibiyar bincike ta Moorland-Spingarn da ke Jami'ar Howard a birnin Washington.