ANNABI IRMIYA: MUTUMIN DA YA KAI ƘARA GABAN ALLAH

A wannan bikin cika shekara hamsin na ikilisiyarmu, na ga ya kyautu mu tuna da wani bawan Allah da ya yi tambayar da ke cin zuciyar yawancinmu. A nan Illela, a bakin iyakar Konni, mun sha ganin mai tsallake kaya da dare ta hanyar daji ya gina bene, mai awo da mudun gaskiya kuwa yana fama da kuɗin makarantar yara. Annabi Irmiya ya riga mu ganin haka.

An haifi Irmiya a Anatot, wani ƙauye a ƙasar Biliyaminu, kimanin mil uku daga Urushalima. Mahaifinsa Hilkiya firist ne. Ubangiji ya kira shi yana saurayi, a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen 627 kafin haihuwar Almasihu. Ya yi annabci shekara arba'in. Bai yi aure ba, gama Ubangiji ya hana shi saboda masifar da ke zuwa a kan ƙasar.

Tun farko mutanen garinsu suka ƙulla su kashe shi. A nan ne, cikin sura ta 12 ta littafinsa, ya kai ƙara gaban Allah. Ya fara da shaida cewa Ubangiji mai adalci ne, sa'an nan ya tambaya dalilin da mugaye ke arziki, maciya amana kuma na zaman lafiya. Ubangiji bai tsauta masa ba, bai kuma bayyana masa dalili ba. Sai ya nuna masa cewa tseren da ya yi da masu ƙafa somin taɓi ne, tsere da dawakai yana gaba.

Haka kuwa ya zama. Sarki Yehoyakim ya gina fada da katakon al'ul, ya hana ma'aikata hakkinsu. Da aka karanta masa littafin da Baruk ya rubuta daga bakin Irmiya, sai ya riƙa yankansa da wuƙa yana jefawa cikin kaskon wuta har ya ƙone ƙurmus. Fashur firist ya sa aka yi wa Irmiya dūka, aka sa shi a turu. A zamanin Sarki Zadakiya fadawa suka jefa shi cikin rijiya marar ruwa, ya nutse cikin laka. Wanda ya cece shi baƙo ne daga Afirka, Ebed-melek mutumin Habasha, wanda ya zura masa igiya da tsummoki don kada igiyar ta yanke masa hammata.

Duk da haka, lokacin da sojojin Babila suka kewaye birnin, Irmiya yana tsare ya sayi gonar Hanamel ɗan kawunsa a kan shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardar a tukunyar ƙasa. Wannan ita ce shaidarsa cewa Allah bai gama da jama'arsa ba.

Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A shekara ta 586 Nebukadnesar ya ci Urushalima, aka ƙone fada da Haikali. An kashe 'ya'yan Zadakiya a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu, aka kai shi Babila da sarƙa. Ebed-melek kuwa Ubangiji ya yi masa alkawarin tsira da ransa. Amma mu lura, Irmiya bai yi murna ba, kuka ya yi. Bai kuma sami arziki a ƙarshe ba. 'Yan gudun hijira suka tafi da shi Masar tilas, labarinsa ya ƙare a can.

Dattawan da suka kafa wannan ikilisiya, da yawansu sun kwanta dama ba su bar dukiya ba, amma ga mu yau. Saboda haka ɗan'uwa, idan arzikin mugu ya dame ka, kai kukanka gaban Ubangiji kamar Irmiya, amma kada ka sāke mudunka. Allah ya ba mu ƙarfin jimrewa har ƙarshe. Amin.