Jovita Idar: Malamar Da Ta Tsaya Wa Baƙi

An haifi Jovita Idar a shekarar 1885 a Laredo, wani gari na jihar Teksas a Amurka, a bakin kogin da ya raba ƙasar da Meziko. 'Yan gidansu asalinsu mutanen Meziko ne. Ta yi karatu a makarantar mishan ta Metodis a garin, ta sami takardar shaidar malanta a 1903.

Ƙauyen da ta fara koyarwa, yara ba su da littattafai, ga talauci a gidajensu. Ta ga alli kaɗai ba zai warkar da wannan ciwo ba, sai ta ajiye aiki ta koma jaridar mahaifinta, La Crónica.

A 1910 yaƙin juyin juya hali ya ɓarke a Meziko, mutane suka yi ta ƙetarowa. Inda suka sauka kuwa ba a yi maraba da su ba. Ana ware 'ya'yansu a makarantu, har akwai waɗanda taron jama'a ya kashe ba tare da shari'a ba. Abin da ya rufa musu asiri shi ne ƙungiyoyin taimakon juna. Kowa yakan zuba ɗan abin da ya samu, in ciwo ya kwantar da ɗan ƙungiya a kula da shi, in ya rasu a yi masa jana'iza. Amma kowace ƙungiya tana fama ita kaɗai. A Satumba 1911 gidan su Jovita suka kira wakilansu babban taro a Laredo, domin su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Daga taron nan aka kafa ƙungiyar mata, Jovita ce shugabarta ta fari. Matan suka buɗe azuzuwa kyauta domin 'ya'yan talakawa, suna tara musu abinci da tufafi. A ganina, wannan ya fi jawaban taron amfani. A 1913 kuma ta haye kogi ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni a yaƙi.

Bayan ta yi aure ta koma San Antonio. Can ta buɗe makarantar ƙananan yara kyauta, tana yi wa majinyata tafinta a asibiti, tana kuma aiki a jaridar ikkilisiyar Metodis. Ta rasu a 1946. A 2023 Amurka ta buga hotonta a jikin kwandalar senti 25.