Atanasiyus na Iskandariya: Bishop ɗin da Aka Kora Sau Biyar

Da edita ya ce in rubuta wani abu, sai na tuna da safiyar Lahadi a ɗakin sujada na makaranta, lokacin da mukan miƙe mu karanta shaidar bangaskiya ta Nikiya da ka, rabinmu na gyangyaɗi, sauran kuma hankalinsu na kan koko da ƙosai. Sai da na je jami'a na gane cewa akwai wanda ya sha kora har sau biyar saboda kalmomin nan. Sunansa Atanasiyus, mutumin Masar.

An haife shi a birnin Iskandariya tsakanin shekara ta 296 da 298. Ya tashi a hannun Bishop Alekzanda, ya zama dikon kuma magatakardansa. A zamanin nan ne wani limamin ikilisiyar birnin, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, wai akwai lokacin da babu shi. Ariyus dattijo ne mai kamun kai da daɗin baki, ya kuma san Littafi Mai Tsarki. Har waƙoƙi ya tsara da koyarwarsa don talakawa su riƙa rerawa. Da ɗan gari akan ci gari, nan da nan ikilisiya ta rabu biyu.

Da rikici ya yi tsanani, sai Sarki Kustantin na daular Rum ya tara bishop-bishop wajen 300 a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. Atanasiyus ya raka maigidansa. Taron ya yanke cewa Ɗa da Uba ainihinsu ɗaya ne, kuma bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu. Hujjar da Atanasiyus ya riƙe har mutuwarsa ba ta da wuyar ganewa. Halitta ba ta iya ceton halitta, in kuwa Almasihu halitta ne, to masu bi sun daɗe suna yi wa halitta sujada ke nan.

A shekara ta 328 ya gaji Alekzanda, yana ɗan shekara talatin ko kusa da haka. Ba a daɗe ba magoya bayan Ariyus suka sami shiga a fada, sarki ya umarce shi ya mayar da Ariyus cikin ikilisiya. Ya ƙi. Daga nan aka shiga ƙulla masa sharri. An ce ya kashe wani bishop mai suna Arseniyus, ya yanke hannunsa don yin tsafi. A taron da aka yi a Taya a 335, sai ya fito da mutumin nan a gaban jama'a, da ransa, hannuwansa biyu lafiya lau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma maƙiya ba su haƙura ba. Suka gaya wa sarki wai ya yi barazanar tare jiragen da ke kai hatsin Masar babban birni. Sarki ya kore shi zuwa Tiriya, a ƙasar Jamus ta yau.

Kora ta biyu ta kai shi birnin Rum a 339, bai dawo ba sai 346. Ta uku ta fi muni. Wani dare cikin watan Fabrairu na 356, sojojin Sarki Kustantiyus suka kewaye majami'ar da yake jagorantar sujada, da ƙyar mutanensa suka fitar da shi. Shekara shida ya yi yana ɓuya, galibi a wurin masu zaman kaɗaici na hamadar Masar, yana rubuce-rubuce, ba wanda ya tona asirinsa. Sarki Juliyan ya sake korarsa a 362, Sarki Balens kuma a 365. In an haɗa, ya yi wajen shekara 17 a gudun hijira cikin shekara 45 da ya yi yana bishop. Ya rasu a Iskandariya ranar 2 ga Mayu, 373. Shekara takwas bayan haka, taron Kustantiniya na 381 ya tabbatar da koyarwar Nikiya.

Ba zan ce mala'ika ne ba. Mutum ne mai zafi, alƙalaminsa da kaifi, an kuma zarge shi da gallaza wa masu adawa da shi a Masar. Amma abu biyu sun burge ni. Na farko, ya san bambancin mai ɓata koyarwa da wanda lafazi ne kawai ya raba su. A taron da ya kira a 362 ya saurari ɓangarorin da ke jayayya kan kalmomi, da ya ga manufarsu ɗaya ce, ya karɓe su a matsayin 'yan'uwa. Na biyu, ya ba jama'a ma'auni. A wasiƙarsa ta Ista ta 367 ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, waɗanda muke da su a yau, don kada a ruɗi mutane da littattafan jabu.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ake nufi da umarni daga sama, mun san yadda akan yi wa mai taurin kai canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ba ruwa ba wuta. Ni kaina an taɓa miƙo mini takardar biyan wani aiki da ban ga an yi ba, na sa hannu don gudun fushin oga, har yau abin yana ci mini rai. Sau ɗaya aka gwada ni na faɗi. Shi kuwa sarakuna huɗu suka gwada shi.

Yau ma masu daɗin baki ba su ƙare ba, wasu da kwalbar mai, wasu da alkawarin ƙarin girma a ofis in an ba da kuɗi. 'Yan'uwa, mu auna abin da muke ji da Littafi Mai Tsarki da kuma abin da aka koya mana tun muna sanye da kayan makaranta. Ga malamanmu da suka tilasta mana haddar da muke gunaguni a kanta, na gode ƙwarai.