John Dalziel: Likitan da ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwar Daura ko ta Mai'adua, ya san ɓawon hano, wanda wasu ke kira ararraɓi.

Sai dai ba kowa ya san cewa sunan da masana tsirrai na duniya suka san wannan itace da shi, watau Boswellia dalzielii, ya samo asali ne daga sunan wani likita ɗan yankin Scotland na Birtaniya ba.

Wannan likita, John McEwen Dalziel, shi ne ya wallafa ƙamus na sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa a 1916, wanda masu bincike ke komawa gare shi fiye da shekaru ɗari bayan fitowarsa.

Daga Indiya zuwa Sin

An haifi Dalziel a birnin Nagpur na ƙasar Indiya a 1872. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya kammala a 1895. Mutanen yankinsu suna furta sunan nasa ne kamar Diyel, ba yadda ake rubuta shi ba.

Aikinsa na farko a kudancin ƙasar Sin ya yi shi, a matsayin likitan mishan, har zuwa 1902. Tun a can ya soma tattara ganyaye yana busarwa yana adanawa.

A 1905 ya shiga aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewacin Nijeriya, shekaru biyu kacal bayan da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi.

A bakin fadama

Ya yi aiki a wurare da dama, ciki har da Kwantagora da Katagum da Yola da Sakkwato. Babban aikinsa shi ne duba Turawa da sojoji da ma'aikata, da kuma lura da tsabtar gari. Amma da zarar ya sami sarari sai ya faɗa daji.

Zamansa a Katagum ya yi masa rana. A lokacin ƙasar Katagum tana cikin Lardin Kano ne, kamar yadda Daura take, kuma tsohon garin yana kusa da fadamun kogin Jama'are, inda ruwa ke malala kowace damina.

Wuri ne da tsirran tudu da na ruwa suke haɗuwa: gawo da goruba da aduwa a kan jigawa, bado da kainuwa da burugu a cikin tabki. Yankin ne kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a kowace shekara, abin da ya sa a shekara ta 2000 aka sanya wani sashe na dausayin Haɗejiya da Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya.

Da yake likita ne, sauro ma bai bar shi ba. Akwai wani nau'in sauro da masana suka raɗa wa sunansa a 1910.

Yadda yake aikin shi ne, ya tsinko reshe da ganye da fure, ya matse su tsakanin takardu har su bushe, ya rubuta wuri da kwanan wata, sannan ya tambayi mutanen wurin sunan abin da kuma amfaninsa. Daga nan sai ya aika da samfurin zuwa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan.

A can ne wani masani mai suna John Hutchinson ya duba samfurin hano, ya tabbatar da cewa ɗan uwan itacen lubban ne da ke tsiro a Oman da Yaman da Somaliya, amma jinsi ne na daban. A 1910 ya ba shi sunan Dalziel. Karan masallaci ma, wanda ake shukawa a gidaje, sunansa yake ɗauke da shi a wurin masana.

Ƙamus na 1916

Littafin, mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, ya fito ne a Landan ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Sarkin Daura Abdurrahman yana da shekaru biyar a kan gadon sarauta.

Ƙarami ne, shafi ɗari da 'yan kai. An jera sunayen da Hausa bisa tsarin baƙaƙe, kowane da sunansa na kimiyya da ɗan bayani kan amfaninsa.

Abin da ya bambanta shi da jerin sunaye na yau da kullum shi ne yadda ya fahimci cewa Bahaushe ba suna ɗaya yake ba itace ba. Ɗorawa tana da kalwa, wadda ake yin daddawa da ita, tana kuma da makuba da ake yi wa daɓe da gini. Giginya tana da muruci. Goruba tana da kaba, wadda ake saƙa tabarma da igiya da ita.

Ya kuma lura da bambancin karin harshe, ta yadda abin da Basakkwace ke kira da wani suna, Bakano ko Bakatsine ko mutumin Katagum zai iya kiransa da wani.

Bai tsaya ga abinci da magani ba. Ya shigar da tsirrai masu dafi, irin su kwankwani, wanda mafarauta da mayaƙa suke dafa dafin kibiya da shi, da tururibi mai kashe dabbobi idan suka ci.

Wanda ya karanta littafin da idon basira zai ga cewa ilimin da ke ciki na masu magani ne da makiyaya da manoma da maƙera da mata masu tsinko ganye. Dalziel ya tambaya ne, ya rubuta, ya daidaita da tsarin kimiyya. Sunan mutum ɗaya ne a bangon littafin, kuma sunan mutum ɗaya ne a jikin hano, alhali mutanen ƙasar sun daɗe suna tafasa ɓawonsa saboda zazzaɓi da ciwon ciki da sanyin ƙashi kafin zuwan Turawa.

Haka kuma aikin bai rabu da bukatun gwamnatin mulkin mallaka ba, wadda ke neman ƙaro da man kaɗe da sauran albarkatun daji da za a iya fitarwa zuwa Turai.

Duk da haka, adalci ne a ce ya ɗauki maganar mutanen da muhimmanci a zamanin da yawancin takwarorinsa ke ganin maganin gargajiya camfi ne kawai.

Daga Sanagal zuwa Dutsen Kamaru

Daga bisani an mayar da shi Legas, inda ya yi bincike kan wuraren da sauro ke hayayyafa, ya kuma yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Ya bar aikin likita a 1922, ya koma Kew.

A nan ne shi da Hutchinson suka shiga babban aikin rayuwarsu, watau Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. Littafin ya bayyana dubban tsirrai, daga bakin hamada zuwa kurmin kudu, daga Sanagal zuwa Tafkin Chadi da yammacin Kamaru.

A 1927 ya sake dawowa yankin tare da wata tawagar masu bincike daga Amurka, wadda ta bi gaɓar teku da jirgin ruwa, har ta kai Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000.

Shekaru goma bayan haka, a 1937, ya wallafa The Useful Plants of West Tropical Africa, mai sama da shafi 600, inda ya tattara amfanin tsirrai da sunayensu a harsuna masu yawa, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci.

Abin da ya sauya

Dajin da Dalziel ya gani ba shi ne na yau ba. A ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure da Sandamu, faɗaɗa gonaki da saran itacen girki da fari na shekarun 1970 da 1980 sun rage itatuwa irin su ƙirya da marke da maɗaci. Ita kuwa gawo ta fi tsira, saboda manomi ya san tana zubar da ganye da damina, ba ta tare wa gero rana, ga taki a gindinta.

Itacen da ya fi yawa a garuruwan yankin yanzu, watau bedi ko dogon yaro, baƙo ne daga Indiya, ƙasar da aka haifi Dalziel. An shigo da shi Arewa ne bayan fitowar ƙamus ɗin.

Madobiya kuma, wadda ke cikin littattafansa, ta sha sara a wasu jihohin Nijeriya domin kai katakonta ƙasar Sin, har sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017.

Idan itace ya ɓace daga gona, ba a daɗewa sunansa ke ɓacewa daga bakin yara. Shi ya sa ɗaliban ilimin haɗa magunguna da na nazarin harshe a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suke buɗe ƙamus ɗin 1916 domin gano abin da kakanninsu ke nufi da wani suna.

Dalziel ya rasu a Landan a watan Fabrairun 1948, yana da shekaru 75. Wani masani mai suna H. M. Burkill ya sake nazarin littafinsa na 1937, ya faɗaɗa shi zuwa juzu'i shida, waɗanda suka fito daga 1985 zuwa 2004.