Tipu Sultan, Sarkin Maisur: Kalandarsa, Kuɗinsa da Rundunarsa

 Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a wannan fitowa za mu leƙa kudancin Indiya mu ji tarihin wani sarki Musulmi da ya yi zamani da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wato Tipu Sultan, sarkin ƙasar Maisur.

An haife shi wajen shekara ta 1750 Miladiyya a garin Dewanahalli, kusa da Bangalor. Mahaifinsa Haidar Ali soja ne da ya yi ƙarfi har ragamar mulkin Maisur ta koma hannunsa. Haidar bai iya karatu da rubutu ba, saboda haka ya ɗauko wa ɗansa malamai, suka koya masa Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci da Farisanci, ga kuma hawan doki da harbi. A lokacin, Kamfanin Turawan Ingila da ya shigo da sunan ciniki ya riga ya fara cinye ƙasashen Indiya ɗaya bayan ɗaya. A 1780 Tipu yana cikin jagororin da suka karya rundunar Kamfanin a Pollilur. Da mahaifinsa ya rasu a ƙarshen 1782 sai ya gaje shi, hedkwatarsa kuwa Sirangapatna ce, wani tsibiri a cikin kogin Kaweri.

Tipu ya fahimci cewa ƙasa ba ta tsayawa da ƙafarta sai ta riƙe lissafin kwanakinta da kuɗinta da makamanta. Sai ya sa hannu a kan ukun nan.

Na farko, kalanda. Kun sani shekarar Hijira kwana 354 ce, ta rana kuwa 365, bambancinsu kwana 11. To, amfanin gona da damina yake tafiya, ba da tsayuwar wata ba. In ana karɓar haraji da shekarar wata, a cikin kaka 33 manomi zai biya sau 34, wani lokaci ma mai karɓa ya zo hatsi bai nuna ba. A 1787 Tipu ya fito da kalandar Mauludi, wadda ke fara ƙirga daga 572 Miladiyya, shekarar da ya ɗauka ta haihuwar Manzon Allah (SAW). Don haka 1787 ta zama 1215 a wurinsa. Watanninta 12 ne, watan farko sunansa Ahmadi, kuma akan ƙara wata ɗaya bayan 'yan shekaru don ta daidaita da damina. A nan sai a lura, yara: wannan lissafi na haraji da takardun hukuma ne. Azumi da Hajji da Idi ganin wata suke bi, kuma ƙara wata a lissafin ibada bai halatta ba.

Na biyu, kuɗi. A al'adar Indiya ta lokacin, sarakuna kan buga sunan Sarkin Mugal na Delhi a kan kuɗinsu don nuna biyayya. Tipu bai sa sunan Sha Alam ba, bai kuma sa nasa ba. Sai ya raɗa wa kowane tsaba suna. Babban na zinariya shi ne Ahmadi, rabinsa Siddiƙi don Sayyidina Abubakar, kwatansa Faruƙi don Sayyidina Umar. A na azurfa akwai Haidari don Sayyidina Ali, sai Imami, da Abidi, da Baƙiri, da Ja'afari, da Kazimi, sunayen jikokin gidan Annabi. Babban na tagulla ya fara da suna Usmani, daga baya ya koma Mushtari, ƙananansa kuma Zuhura da Baharam da Akhtar da Ƙuɗub, duk sunayen taurari, da hoton giwa a jikinsu. Ka ga ke nan mai sayen shinkafa a kasuwa sai ya ambaci Sahabi kafin a ba shi canji.

Na uku, soja. Ya kasa rundunarsa ƙungiya ƙungiya, kowace ana ce mata kushun, ya sa aka rubuta littafin ƙa'idojin yaƙi mai suna Fathul Mujahidin. Ya gina maƙeru na bindiga da igwa. Abin da ya fi firgita abokan gaba shi ne roka: bututun ƙarfe a ɗura masa albarushi, a ɗaure a jikin dogon gora, a kunna, ya tashi ya yi nisan da kan kai kusan kilomita 2. Bayan mutuwarsa Turawa suka kwashi rokokin zuwa Ingila, wani mai suna Kongirif ya yi nazarinsu ya ƙera nasa. A 2018 ma an tono fiye da guda 1,000 a wata tsohuwar rijiya a garin Nagara.

To, me ya sa duk da haka ya faɗi? Ya aika jakadu Istanbul wurin Sarkin Usmaniyya Abdulhamid na ɗaya, wasu jakadunsa suka isa Faransa a 1788, amma rundunar taimako ba ta zo ba. Maƙwabtansa, Maratawa da Nizam na Haidarabad, wanda Musulmi ne ɗan'uwansa, suka haɗa kai da Turawa. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: shi kansa ya tsananta wa mutanen Malabar da Kurg da Kiristocin Mangalor, ya kwashe dubbai daga garuruwansu, aka tilasta wa wasu barin addininsu, alhali Musulunci ya hana tilastawa. Da yawansu suka mara wa Turawa baya. Ko da yake wazirinsa Purnayya Bahindu ne, kuma a 1791 ya taimaki wurin bautar Siringeri da Maratawa suka washe, wancan tabo bai goge ba, har yau ana gardama a kansa a Indiya.

A 1792 aka tilasta masa ya ba da rabin ƙasarsa da diyya rupi miliyan 33, aka riƙe 'ya'yansa biyu jingina. Ranar 4 ga Mayu 1799 Turawa da sojojin Nizam suka fasa ganuwar Sirangapatna. Bai gudu ba, ya yi ta faɗa har aka kashe shi a wajen ƙofar gari. Aka binne shi kusa da mahaifinsa, aka kwashe littattafansa, kalandarsa kuma ta mutu tare da shi. Irin wannan guguwa ce ta iso Sakkwato a 1903 a ƙarƙashin Lugga, wanda shi ma a Madaras ta Indiya aka haife shi.

Darasi, ya ku ɗalibai: ku nemi ilmin lissafi da ƙira tare da na addini, kamar yadda Tipu ya nema. Amma ku riƙe cewa makami ba ya tsare mulkin da ya rasa adalci a gida da zumunci da maƙwabta. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.