Muhammadu Bakatsine, Malamin Lissafi da Ya Koyar a Masar

Da yawa daga cikinmu nan Surko da an ce lissafi sai gaba ya faɗi, wasu ma sun ɗauka abin Turawa ne kawai. Shi ya sa wannan makon muka kawo tarihin wani malami ɗan ƙasarmu.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatanin Katsina. A littattafan Larabci ana kiransa Alkashnawi, wato Bakatsine. Ya taso a ƙasar Katsina, ya yi karatun addini, nahawu, ilmin taurari da lissafi. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Wajejen 1730 ya tafi aikin Hajji, lokacin ba mota ba jirgin sama. Bayan ya sauke farali sai ya zauna a Alkahira, babban birnin Masar.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, irin wanda muke gani a allunan malamanmu na zaure. Ya yi bayanin yadda ake cika hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da sauransu. Ga mafi ƙanƙanta:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara kowane layi, a kwance, a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Mai gida biyar-biyar kuwa 65 yake bayarwa.

Wannan hatimin yana taimaka mana a darasin layuka. Wani Bafaranshe, Rene Descartes, shi ya fito da hanyar rubuta layi da x da y a 1637. Mu zana hatimin a takarda mai gida-gida, lamba 5 ta zauna a ɗigon (2, 2). Layin ƙasa shi ne y = 1. Layin da ya bi ta kan 5 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, ba su taɓa haɗuwa, shi ne y = 2. Wanda ya gitta su a tsaye ta kan 5, kamar kusurwar aji, shi ne x = 2. Na karkace kuma biyu ne: y = x mai gangara 1, da y = 4 − x mai gangara −1. Idan aka ninka 1 da −1 za a samu −1, alamar sun gitta juna a digiri 90.

Malam Muhammadu ya rasu a Alkahira a 1741, a gidan Hasanul Jabarti, babban malamin da ya koyi ilmin hatimi a wurinsa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, marubucin tarihin Masar, ya sa labarinsa a littafinsa, abin da ya taimaka sunansa bai ɓace ba.

'Yan'uwa, mutumin Katsina ya koyar da malamin Masar lissafi, saboda haka ɗan Birnin Kudu ko Gwaram ba shi da dalilin gudun darasin. Kowa ya gwada cika mai gida biyar-biyar ya kawo wa ƙungiyarmu, za mu manna wanda ya yi daidai a nan. Allah Ya jiƙan Malam, mu kuma Ya buɗe mana ƙwaƙwalwa. Amin.